Furanni a Tsakar Gida Rani da Damina: Tambayoyin Mutanen Kumasi

Wai zai yiwu gida ya kasance da fure duk shekara?

Zai yiwu, amma ba da iri ɗaya ba. Kumasi na da damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya shigo a Disamba. Sai a haɗa masu son ruwa da masu son fari, in wannan ya huta wancan ya karɓa. Boganbiliya da ƙariya sun fi buɗewa idan ƙasa ta bushe. Hibiskus da alamanda damina ce tasu. Iksora kuwa da ƙyar take yankewa. A ƙara da kuroton, wanda ganyensa ja da rawaya ke rufe giɓi a watan da fure ya yi ƙaranci.

Tsakar gidanmu siminti ne, kamar yawancin gidajen unguwannin Aboabo da Asawase. Ina za mu shuka?

A bokitin fenti mai lita 20. A huda gindinsa wuri 5 ko 6 da ƙusa mai zafi, a ɗora shi kan bulo don ruwa ya tsiyaye. Haɗin ƙasar: kashi 2 baƙar ƙasa, kashi 1 yashi mai kaushi, kashi 1 ruɓaɓɓen taki. Jar ƙasa zalla kan danƙare, ta riƙe ruwa a damina har saiwa ta ruɓe.

Wane taki ya fi?

Kashin kaji, amma a nan ake yawan yin asara. Ɗanyensa ƙona saiwa yake, cikin 'yan kwanaki bakin ganye ya soye. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako har kamar wata 2. In ka tura hannu ba ka ji ɗumi ba, warin kuma ya tafi, ya nuna. Garin katakon da ake kwasowa daga kasuwar katako ta Sokoban shi ma sai ya ruɓe tukuna. In aka cuɗa shi ɗanye, yana janye sinadarin naitirojin, ganye ya koma rawaya. Mai son na kanti ya sa ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15 a kowane bokiti sau ɗaya a wata, a gefe, kada ya taɓa kara.

Boganbiliyata ganye kawai take yi. Me ya faru?

Gata ya yi mata yawa. Tana son rana ta awa 6 aƙalla. A daina taki, a hana ta ruwa har ganye ya fara lanƙwasa, sannan a ba ta kaɗan.

In famfo ya ɗauke a hunturu fa?

A tara ruwan alwala a baho, ya wadatar. Na wanki mai omo kam a zubar. A tura yatsa cikin ƙasar; in da laima, a bari sai gobe. Kada a bar ruwa kwance ƙarƙashin bokiti, sauro zai yi ƙwai.

Awaki da yara fa?

Akuya ba ta ɗaga wa hibiskus ƙafa, sai a kewaye shi da waya. Ƙariya da alamanda ruwan jikinsu guba ne: a ɗora su inda yaro ba ya kaiwa, a kuma wanke hannu bayan an yi musu sassabe.