Kuɗin Jure wa Sauyin Yanayi: Abin da Doka ta Wajabta da Abin da ta Yi Shiru a Kai

Duk shekara idan aka rufe taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da ke cika kanun labarai shi ne biliyan kaza da aka yi alƙawari. Mai sauraro sai ya ɗauka sadaka ce ƙasashe masu arziki ke bayarwa don tausayi. Takardun da suka sa wa hannu ba haka suka ce ba.

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar sauyin yanayi ta Rio de Janeiro ta 1992, wadda ta fara aiki a 1994. Sashe na 4, sakin layi na 4, ya ɗora wa ƙasashen da suka ci gaba nauyin taimaka wa ƙasashe masu tasowa da suka fi shiga haɗari wajen biyan kuɗin kare kansu. Dalilin a fili yake. Waɗanda suka fi shekara ɗari suna ƙona kwal da fetur su ne suka tara mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya, alhali Afirka baki ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kowace shekara.

Kuɗin yanayi iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai na rage hayaƙi, kamar gina tashar lantarki mai aiki da hasken rana. Akwai na juriya, wato shiri tun kafin bala'i ya zo: shingen tare teku, iri mai jure fari, magudanan ruwa, na'urorin gargaɗin ambaliya. Na uku shi ne na asara da ɓarna, bayan mai aukuwa ta auku, wanda sai a 2022 aka amince da kafa asusunsa a Sharm el-Sheikh. Na tsakiyan muke magana a kai.

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta jaddada nauyin a Sashe na 9. Ƙasashen da suka ci gaba dole ne su ba da kuɗi, sauran kuwa an ƙarfafa musu gwiwa ne su bayar don ganin dama. Shi ya sa China da Saudiyya, duk da ƙarfin arzikinsu a yau, ba sa cikin waɗanda aka wajabta wa, domin har yanzu da jerin sunayen ƙasashen da suka ci gaba na yarjejeniyar 1992 ake aiki. Sashen ya kuma nemi a daidaita tsakanin kuɗin rage hayaƙi da na juriya.

Sai dai yarjejeniyar ba ta faɗi nawa kowace ƙasa za ta biya ba. Ba ta fayyace wane kuɗi ne ya cancanci a kira shi kuɗin yanayi ba. Kwamitin da Sashe na 15 ya kafa don sa ido kuwa, an rubuta ƙarara cewa ba ya hukunta kowa. Bashi ne da mai shi ya amsa a gaban shaidu, amma ba a rubuta adadi ba, ba a sa ranar biya ba.

Alƙaluman da muke ji daga ƙudurorin taruka suke fitowa, kuma ƙarfinsu bai kai na yarjejeniya ba. A Copenhagen a 2009 aka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Bisa lissafin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da akasarin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, sai a 2022 aka cika, da dala biliyan 115.9, kuma biliyan 32.4 kacal ne kason juriya. A Glasgow a 2021 aka buƙaci a ninka kuɗin juriya kan na 2019 zuwa 2025. A Baku a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 duk shekara zuwa 2035, daga aljihun gwamnatoci da na 'yan kasuwa duka, abin da ya sa wakilan Indiya da Najeriya suka nuna ƙin amincewarsu a cikin zauren. A gefe guda, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa juriya kaɗai na buƙatar dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙanƙantar adadin ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ke fitowa daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne, kuma ana ƙirga rancen gaba ɗayansa a matsayin cika alƙawari, duk da cewa za a mayar da shi, sau da yawa har da ruwa. Ga tashar lantarki, rance na da ma'ana, tunda za ta sayar da wuta ta biya. To shingen da ya hana teku cinye gari, me zai sayar? Ribarsa ita ce gidajen da ba su rushe ba da mutanen da ba su mutu ba, kuma babu bankin da ke karɓar wannan a matsayin biya. Wannan ne ma ya sa 'yan kasuwa ba sa rububin zuba jari a ayyukan juriya. Ƙasar da ta ci bashi ta gina shinge, daga kasafin asibiti da makaranta za ta cire ta biya, a kan ɓarnar da ba ita ta jawo ba. A ganina, tallafin da ba a mayarwa ne kaɗai ya dace da manufar Sashe na 4 na yarjejeniyar 1992.

Ta ina kuɗin ke bi? Mafi yawa ta hukumomin raya ƙasa na masu bayarwa da manyan bankuna irin su Bankin Duniya. Asusun musamman ƙanana ne, amma ƙa'idojinsu sun fi adalci. Asusun juriya na Adaptation Fund, wanda aka kafa a Marrakech a 2001, shi ya fara barin hukumar cikin gida ta karɓi kuɗi kai tsaye ba tare da ɗan tsakiya ba, kuma wata cibiya ta Senegal ce ta fara samun wannan izini a 2010, don aikin tare zaizayar gaɓar teku. Asusun yanayi na GCF (Green Climate Fund) da ke Koriya ta Kudu ya ɗaukar wa kansa raba tallafinsa biyu daidai tsakanin rage hayaƙi da juriya, kuma aƙalla rabin kason juriya ya tafi ga ƙasashe mafi talauci, ƙananan tsibirai da Afirka. Yana kuma ba kowace ƙasa har dala miliyan 3 don ta rubuta tsarin juriyarta na ƙasa. Matsalar ita ce tantance hukuma kan ɗauki shekaru, kuma ƙasar da ta fi buƙata ita ce ta fi ƙarancin ƙwararrun da za su cika takardun.

A 2025 Amurka ta sake sanar da ficewa daga yarjejeniyar Paris. A watan Nuwamban shekarar taron Belém na ƙasar Brazil ya yi kira da a ninka kuɗin juriya sau uku zuwa 2035. Tsakanin waɗannan biyun, ranar 23 ga Yuli, Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawar da Vanuatu, ƙasar ƙananan tsibirai a tekun Pasifik, ta jagoranci nema, inda ta ce nauyin kare yanayi nauyi ne na doka, kuma ƙasar da ta saɓa za a iya neman ta biya diyya. Fatawa ce, ba hukuncin da ake tilasta wa kowa bi ba, amma lauyoyin ƙasashen da abin ya shafa sun samu abin kafa hujja da shi a teburin tattaunawa da gaban alƙalai.