Jarkar da ta Fito daga Ɗakin Gwaje-gwaje Ba ta Ruwan Sha Ba ce

Na yi wannan rubutu ne domin 'yan uwana Hausawa mazauna Jidda da Makka, musamman masu aikin shara da goge-goge a jami'o'i da asibitoci, da masu sana'ar gwangwan, da iyayenmu mata da ke sayen jarka ko durum a kasuwar haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, domin ajiye ruwa a gida. Aikina a wata jami'a da ke Jidda shi ne kula da shara mai haɗari, wato bin sawun duk sinadarin da aka gama aiki da shi a ɗakunan gwaje-gwaje, tun daga teburin ɗalibin da ya yi amfani da shi har zuwa motar kamfanin da hukuma ta ba lasisin kwashe shi. Saƙona shi ne, mazubin da sinadari ya taɓa zama a cikinsa ba ya komawa na ruwa ko na abinci, komai kyansa, komai kuma yawan wankin da aka yi masa.

Bari in fara da yadda aikin yake, domin wanda ya ga wahalar da ake sha a kan kwalba ɗaya ba zai ɗauke ta da wasa ba. Kowace kwalbar dagwalo sai an liƙa mata takarda mai ɗauke da sunan abin da ke ciki, da ranar da aka fara zubawa, da ɗakin da ta fito. Ba a cika ta har wuya, saboda ruwan sinadari yana kumbura idan ya ji zafi, zafin Jidda kuwa yakan haura digiri 40 a wasu ranakun bazara. A ɗakin ajiya ba a haɗa asid da sinadarin sayanayid wuri ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai kisa, haka nan ana nesanta masu saurin kama wuta daga masu rura ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwalbar da ba ta da suna, irin wadda ɗalibi yake bari a bayan firji ya kammala karatu ya koma gida. Akwai sinadarai, kamar wanda ake kira ether da asid ɗin pikirik, waɗanda idan suka tsufa ko suka bushe, murɗa murfinsu kaɗai yana iya haddasa fashewa. Saboda haka nake roƙon ƙannenmu da suka zo karatu daga Najeriya da Nijar, kada ɗayanku ya bar ɗakin gwaji da kwalbar da bai rubuta mata suna ba, domin wanda zai fara taɓa ta bayan tafiyarku mai shara ne, wataƙila ma ɗan garinku.

Wannan bin diddigi da takarda ba haka kawai aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1988 aka jibge dubban durum na dagwalon masana'antu daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a Najeriya, kuma irin wannan ta'asa tana cikin abin da ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, wadda ta tsara yadda ake fitar da shara mai haɗari daga wata ƙasa zuwa wata. A nan Saudiyya an kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa, wadda ake kira Mawan, a 2019, aka kuma fitar da sabuwar dokar shara a 2021. Ma'anar duk wannan a wurin aikina ita ce, abin da ya fita ta ƙofar jami'a dole a san wanda ya karɓe shi da inda ya kai shi. Jarkar da ta fita a ɓoye cikin buhu ta tsinke wannan igiya, babu kuma wanda zai iya gaya wa likita abin da yaro ya sha idan ciwo ya taso.

Na san abin da ke jan hankali. Shuɗiyar jarka ce mai cin lita 20, mai kauri, mai murfin da ba ya yoyo, ga ta kuma an ajiye kamar ba mai so, alhali a unguwa ruwa sai an jira motar tanka. Mutum zai ce ai ya wanke ta da omo da ruwan zafi, ya shanya ta a rana, ya sansana bai ji komai ba. Matsalar ita ce roba tana tsotse wani ɓangare na sinadarin da ya daɗe a cikinta, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin duk ruwan da aka zuba daga baya, musamman idan jarkar tana zaune a kan soro ko a baranda cikin rana. Hanci kuma ba alƙali ba ne a nan, domin gishirin dalma da na zaiba da na asanik ba su da warin da zai gargaɗi mutum. Ko fomalin, ruwan da ake ajiye gawa da sassan jiki a ciki a tsangayar koyon likitanci, wanda warinsa yake sa hawaye, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya sinadarinsa cikin masu haddasa sankara tun 2004. A wurinmu, mazubin da ya ƙare ana ɗauraye shi sau uku, ruwan ɗaurayar ma ana tara shi a matsayin dagwalo, sannan a goge sunan a huda gindinsa. Nakan tsaya a huda shi a gabana, ko da ma'aikaci ya ce, "Yallaɓai, wannan ai asara ce." Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda bai iya karanta Larabci ko Turanci ba yana iya karanta alama. Idan ka ga zane mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa, da jan layi kewaye da farin fili, to gargaɗi ne. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu yana nufin guba mai kisa, harshen wuta yana nufin abu mai kama wuta, ruwan da ke ɗiga yana cin hannu da ƙarfe yana nufin abu mai ƙona fata da ido, hoton mutum mai tauraro a ƙirji kuma yana nufin illar da ke ɓoyuwa ta daɗe, kamar sankara ko lalacewar huhu. Rashin alama ba shaidar tsabta ba ne, domin mai sayarwa yana iya ɓare ta.

Ga 'yan uwa masu goge-goge, leda mai launin rawaya da akwatin allurai ba naku ba ne sai an horar da ku a kansu. Kada a danna ledar shara da hannu ko da ƙafa don ta ƙara ɗaukar kaya, kada kuma a rungume ta a jiki, domin allurar da wani ya jefa inda bai kamata ba ta nan take samun mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da cuta ta soki wani, yiwuwar kamuwa tana kai kashi 30 cikin 100 ga ciwon hanta nau'in B, kashi 1.8 ga nau'in C, da kashi 0.3 ga ƙwayar cutar ƙanjamau. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ya tsotsa, ya sanar da shugabansa a take, ya je asibiti a ranar, saboda maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa kuwa gwargwadon amfaninsa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana nan, ya kamata duk mai wannan aiki ya nemi a yi masa. Yin shiru don tsoron faɗa ko yankan albashi shi ne abin da ya fi cutar da mutanenmu. Haka nan kada a taɓa haɗa Clorox da Flash wajen wanke bayi da nufin ƙara haske, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Idan kuma ma'aunin zafi mai zaiba ya fashe, kada a share da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura, a buɗe taga, a fitar da mutane, a kira mai kula da sashen.

Masu gwangwan su ma su yi hattara da tsohuwar na'urar asibiti ko ta ɗakin gwaji. A 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Burazil, wasu masu neman ƙarfe sun ɗauko na'urar gashin cutar daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi suka fasa ta, hodar siziyom, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, mai shuɗin haske da ke ciki ta bazu a gidaje, mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma gwada mutum fiye da 100,000. Duk ƙarfen da ke ɗauke da alamar tururin nukiliya, wato fuka-fuki uku a kan rawaya, a bar shi inda yake a kira hukuma. Fasa tsohon batirin mota a tsakar gida kuwa yana baza dalma inda yara suke rarrafe, mun kuma ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu.

Idan sinadari ya zuba a fata ko ya shiga ido, a cire tufafin da ya taɓa, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 ba tare da tsayawa ba. Idan an sha, kada a tilasta amai, kada a ɗura manja ko madara da sunan karya guba, a tafi asibiti da mazubin ko hoton takardar da ke jikinsa. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar ita ce 997, ta Difa'ul Madani, wato masu kashe gobara da ceto, 998, lambar gaggawa ta bai-ɗaya a yankin Makka 911, ta Ma'aikatar Lafiya don neman shawarar likita kuma 937.

Hajiya, idan yanzu haka akwai jarka ko durum a gidanki da ba ki san asalinsa ba, ki daina sha da girki da ruwansa daga yau, kada kuma ki ba maƙwabciya ko ki mayar da shi kasuwa. A huda shi yadda ba zai sake riƙe ruwa ba kafin a fitar da shi. Idan yara sun daɗe suna shan ruwan da ke cikinsa, a gaya wa likita haka ƙarara, domin gwajin jini yana nuna dalma ko da yaro bai fara nuna alamar ciwo ba.