Me ake nufi da Nouvelle Vague a harkar fim?

Ɗalibin koyon fim ya ari kyamara, ya tattaro abokansa uku, ya ɗauki labarinsa a ɗakin kwanansa da bakin titi, sai malami ya kalla ya ce aikin na da ƙamshin Nouvelle Vague. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta sabuwar igiyar ruwa. 'Yar jarida Françoise Giroud ce ta yaɗa ta a mujallar L'Express a 1957, tana nufin matasan Faransa baki ɗaya. Daga baya sunan ya liƙe wa wasu samari masu sharhin fim a mujallar Cahiers du Cinéma, irin su François Truffaut da Jean-Luc Godard, waɗanda suka gaji da sukar finafinan manya, suka ce bari su yi nasu.

Aljihunsu ba nauyi, kuma nan ne daɗin labarin yake. Da Godard ke ɗaukar À bout de souffle, wanda ya fito a 1960, a titunan Paris ya yi aikinsa, cikin jama'a, da hasken da Allah ya kawo. Babu kuɗin shimfiɗa dogon da kyamara ke gudu a kai, sai mai ɗaukar hoto Raoul Coutard ya zauna a keken marasa lafiya, kyamara a hannu, ana tura shi. Fim ya yi tsawo, aka dinga datse shi a tsakiyar fitowa, hoto na tsalle kamar an ƙifta ido. Abin da dā ake kira kuskure ya zama salo. Shi ya sa ɗalibai ke son wannan hanya, ko da yake raina na ɓaci idan na ga an ɗauki girgiza kyamara kaɗai an bar labarin ba rai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai hannun Nijar a ciki. Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fim wanda ya daɗe yana aiki a can, ya fitar da fim ɗinsa Moi, un noir a 1958, inda Oumarou Ganda, ɗan Yamai mai aikin dako a Abijan, ya fito yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Godard ya yaba fim ɗin ƙwarai kafin ya yi nasa. Ganda kuwa ya zama darakta, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972.