Jarrabawar Aikin Gwamnati: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini Kan Fahimtar Rubutu da Sadarwar Ofis

Duk shekara, da zarar sakula, wato takardar sanarwa ta hukuma, ta fito daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya tana sanar da jarrabawar tabbatar da aiki da ƙarin girma, sai ƙananan ma'aikata su fara sintiri a ƙofar ofishina da tambayoyi iri ɗaya, har ta kai ina sanin abin da ke tafe da mutum tun kafin ya gama sallama. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na rubuta amsoshin sau ɗaya. Bayanina ya tsaya ne a kan sassa biyu da na ga sun fi kayar da ƙannenmu, wato fahimtar rubutu da sadarwar ofis.

Ranka ya daɗe, ko akwai inda za a samo mana tambayoyin bana?

Babu, kuma kada wanda ya sake kawo mini wannan tambayar. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai kawo maka tambayoyi kafin ranar jarrabawa, damfararka zai yi, idan kuma aka kama ka da su, laifi ne babba a Dokokin Aikin Gwamnati wanda zai iya raba ka da aikin da kake neman a tabbatar maka.

Za a iya amsawa da Hausa?

A'a. Da Turanci ake gudanar da aikin gwamnatin tarayya, da shi kuma ake jarrabawar.

To me ake nufi da sadarwa a wannan jarrabawar?

Ana nufin hanyoyin da magana ke bi a rubuce daga tebur zuwa tebur. Minit shi ne abin da ma'aikaci ke rubutawa a cikin fayil domin ya bayyana wa na sama da shi yadda al'amari yake, ya kuma ba da shawarar matakin da za a ɗauka. Memo takarda ce ta cikin gida tsakanin sassa. Sakula tana ɗauke da umarni ko sanarwa zuwa ga ma'aikatu ko ma'aikata da yawa lokaci guda. Wasiƙar ofis ita ce ke fita waje, kuma ana yawan buɗe ta da "I am directed to", wato an umarce ni, saboda mai rubutun ba da bakinsa yake magana ba, yana magana ne a madadin Babban Sakatare ko Minista, shi ya sa ma yake sa hannu a madadinsa. Gazet kuwa ita ce jaridar hukuma da ake wallafa naɗi da tabbatar da aiki da ƙarin girma a cikinta. Abin da ake son a gani shi ne ko ka san wacce ake amfani da ita a wane hali, da wanda ke rubuta wa wa, da kuma hanyar da takarda ke bi.

Na taɓa buɗe wani fayil na tarar da minit ɗin wani matashi mai matakin albashi na 8 ya cika shafi guda da rabi. Ya fara da yabon darakta, ya kawo tarihin maganar tun daga tushe, ya rufe da godiya, amma bai faɗi abin da yake son a yi ba. Darakta ya mayar masa da fayil ɗin da layi ɗaya a ƙasa, yana tambayar mece ce shawararsa. Minit mai kyau yakan nuna shafin da maganar take, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ya kawo dokar da ta shafe shi, sannan ya ba da shawara a fili. Wanda ya riƙe wannan jerin ya amsa rabin tambayoyin wannan sashe.

Dole ne in haddace gajerun haruffan nan na fayil?

Dole ne, kuma ba su da yawa. KIV na nufin a ajiye maganar ana sa mata ido, BU na nufin a sake kawo fayil ɗin a ranar da aka ambata, PA na nufin a mayar da shi ma'ajiya domin an gama da shi, UFS kuma na nufin takardar ta biyo ta hannun shugaban sashenka kafin ta isa inda za ta je. Ka kuma san darajojin sirri guda huɗu da ake buga wa takardu, daga "Top Secret" zuwa "Secret" da "Confidential" da "Restricted". Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya yi shekara biyu yana ɗaukar fayil a hannunsa kullum, waɗannan haruffa na kallonsa a bango, bai taɓa tsayawa ya tambayi ma'aikatan rajista, wato sashen da ke ajiye fayil-fayil, ma'anarsu ba, sai ana saura mako guda jarrabawa.

Ni Turancina ba shi da ƙarfi, a makarantar gwamnati ta ƙauye na yi karatu. Anya zan iya?

Za ki iya, ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Ba a neman dogon Turanci ko iya lafazi a wannan sashe. Kalmomin da ke kayar da mutane ƙanana ne waɗanda kin riga kin san su, irin su "not" da "except" da "only" da "unless", da kuma bambancin "shall" da ke nuna wajibi da "may" da ke nuna izini. Ki riƙa karanta sharhin edita na jarida ɗaya kullum, ki rufe ta, ki faɗa wa kanki da Hausa a jimla biyu abin da marubucin yake nufi, sannan ki koma ki duba ko kin ƙara masa abin da bai ce ba. Na ga masu digiri biyu sun faɗi saboda gaggawa, na kuma ga akawun da ya tsaya a sakandare ya ci saboda yana bin layi da yatsa.

Idan abin da rubutun ya faɗa ya saɓa wa abin da na sani, ko ya saɓa wa yadda muke yi a ofishinmu, wanne zan zaɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce, ta danganta da sashen da kake ciki da yadda aka tsara tambayar.

Idan a sashen fahimtar rubutu ne, kuma tambayar ta ce bisa ga abin da rubutun ya faɗa, to ka ajiye saninka a gefe ka bi rubutun, ko da kana ganin an bar wani abu. Ga misali. A ce rubutun ya faɗi cewa ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kai kuma ka san cewa dokar 2022 ta ba malaman makaranta damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Saninka gaskiya ne, amma ba a tambaye ka shi ba, kuma idan ka ga 65 a cikin zaɓin amsoshi, an sa shi ne domin masu amsawa daga kansu. Na taɓa ba wani yaro wannan jimlar a kan teburina, na ce masa an ɗauki mutum aiki yana da shekara 22, yana shekara nawa zai yi ritaya. Ko numfashi bai ja ba ya ce 60. Na ɗora masa biro a ƙarƙashin kalmomin "whichever is earlier", wato duk wanda ya riga zuwa, ya yi shiru yana lissafi a gefen takarda, sannan ya ɗago ya ce 57. Bai rasa Turanci ba, bai rasa lissafi ba, ƙarshen jimlar ne kawai bai karanta ba.

Sai dai ba kowace tambaya ce amsarta ke kwance a fili ba. Wani lokaci ana tambayar abin da za a iya fahimta daga rubutun, ko manufar marubucin, kuma a nan ne za ka ga amsoshi biyu duk sun yi kama da daidai. Abin da na saba ba da shawara shi ne ka zaɓi wadda za ka iya nuna mata jimla a cikin rubutun, ka kuma yi hattara da amsar da ta ƙunshi kalma mai yanke hukunci kamar "always" ko "never" ko "all", domin sau da yawa marubuci ya ce wasu ne, amsar kuma ta mayar da su duka. Na ce sau da yawa, ban ce kullum ba, saboda idan rubutun an ciro shi ne daga doka, doka takan yanke hukunci kai tsaye, kuma a nan amsa mai tsauri za ta iya zama ita ce daidai. Don haka wannan dabarar ta rage zaɓi ce kawai, ba ta ɗauke maka komawa cikin rubutun ba.

A sashen sadarwa kuwa al'amarin ya sha bamban, domin a can saninka ake tambaya, amma sanin ƙa'ida kamar yadda take a rubuce. A ofisoshi da yawa yanzu oga yakan ba da umarni ta waya ko ta WhatsApp, ƙaramin ma'aikaci yakan miƙa takardarsa kai tsaye ga Babban Sakatare idan yana da hanya, aiki kuma ya tafi. Idan aka tambaye ka hanyar da ta dace, kada ka amsa da al'adar ofishinku. Amsar ita ce takarda ta bi ta hannun shugabanka na kusa, umarnin baki kuma a tabbatar da shi a rubuce. Akwai wani tarko kuma, wato bugun littafin da kake karantawa. Dokokin Aikin Gwamnati bugun 2008 su ne har yanzu a aljihun teburin mutane da yawa, alhali bugun 2021 ya fara aiki tun 2023, kuma akwai abubuwan da tsohon bai ƙunsa ba, kamar hutun kwana 14 na aiki da ake ba ma'aikaci idan matarsa ta haihu. Tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a bakin sakatariya da yawansu a kan tsohon bugu aka gina amsoshinsu. Idan amsar da ke cikinsu ta saɓa wa sabon bugu, ni dai sabon nake cewa a bi, sai fa idan tambayar da kanta ta ambaci tsohon. Ma'aikatan jihohi kuma su duba dokokin jiharsu, domin kowace jiha tana da tata hukumar kula da ma'aikata, kuma ba lallai ne komai ya zo daidai da na tarayya ba.

Rubutun zan fara karantawa ko tambayoyin?

Ka leƙa tambayoyin da sauri, ka karanta rubutun gaba ɗaya a natse, sannan ka amsa. Kada ka tsallake karatun kana farautar kalma.

An ce a kwamfuta ake yi yanzu, ni kuma ban saba ba.

Haka ne, a shekarun nan an koma yin ta a cibiyoyin jarrabawa na kwamfuta irin waɗanda JAMB ke amfani da su. Karatu a allo ya bambanta da karatu a takarda, domin ba za ka iya ja wa jimla layi ba, kuma idan rubutun ya yi tsawo sai ka gangara ƙasa kafin ka ga ƙarshensa, agogo kuma yana tafiya a gefe. Wannan ba abin tsoro ba ne idan ka gwada tun da wuri. Ka roƙi abokin aikinka mai kwamfuta ya ba ka rabin awa bayan an tashi, ka buɗe sakula ɗaya, ka karanta ta a allo kana kallon lokaci, har hannunka ya saba.

Tambayoyi nawa ne, kuma minti nawa ake bayarwa?

Yana cikin sakular shekarar da za ka zauna. Ka je ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da abin da na bara suka gaya maka.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Tun ranar da ka kama aiki. Lokacin gwaji kafin a tabbatar da ma'aikaci shekara biyu ne, wanda kuma ke mataki na 6 zuwa ƙasa yana yin aƙalla shekara biyu a kan matakinsa kafin ƙarin girma, na mataki na 7 zuwa 14 shekara uku, na 15 zuwa sama shekara huɗu, saboda haka babu wanda jarrabawa ta zo masa bagatatan. Idan kuma ka riga ka makara, gobe da safe ka je rajista ka nemi izinin duba tsohon fayil guda wanda ba na sirri ba, ka karanta shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ka ga yadda wasiƙa ta shigo, wa ya yi mata minit, wa ya amince, da yadda amsa ta fita. Ka rubuta naka minit ɗin a kan wasiƙar farko, kada ya wuce sakin layi huɗu, ka kawo mini in duba.