Rinin gashin kare

Rinin gashin kare shi ne sauya launin gashinsa, duka jiki ko wani sashe kamar jela, kunnuwa da ƙafafu, da abin da ba ya cutar da fata kuma ba ya zama guba idan karen ya lashe. Ana yin sa don ado, don gasa, ko don sa alama. A Damagaram na ƙarshen ne aka fi sani.

Tarihi

Rinin ado ya yi ƙarfi ne a Amurka, cikin shagunan aski da wankan karnuka, musamman a kan irin karen da ake kira poodle, wanda gashinsa mai kauri ne, kuma farinsa yana kama launi da kyau. Ana kai farkon gasar wannan ado zuwa wajen 1980. Yau ana yin ta a manyan tarukan masu sana'ar, irin wanda ake yi a garin Hershey na jihar Pennsylvania, inda ake sassaƙa gashin da almakashi a rina shi kala-kala.

A ƙasar Sin abin ya bi wata hanya. A 2019 wani gidan shan shayi a Chengdu ya rina karnukan chow chow baƙi da fari don su yi kama da panda, wata dabbar dajin ƙasar mai baƙi da fari, sannan a watan Mayu na 2024 gidan namun daji na Taizhou ya nuna wa maziyarta irin waɗannan karnuka, aka yi ta ka-ce-na-ce. A Indiya kuwa, a 2019, wani manomi a jihar Karnataka ya zana wa karensa ratsin damisa don birai su bar masa gona.

A Damagaram

Garin ba baƙon rini ba ne. Tun ƙarni na 19, zamanin da ayarin fatake ke bi ta nan tsakanin Kano da Tarabulus, an san Damagaram da jima da dukanci. Majema na jiƙa fata da bagaruwa, dukawa na fitar da ja daga karan dafi, marina na da babansu da tokarsu, mata kuma na da lalle. Sai dai duk wannan sani an gina shi ne a kan zare, fatar da aka jeme da hannun mutum. Kare a nan mai gadi ne ko abokin farauta da kiwo, ba a cika kallonsa da idon kwalliya ba.

Launin da ake gani a jikinsa yawanci na aiki ne. Akwai shuɗin maganin feshi da ake fesa wa miki, da ruwan shunayya na G.V., waɗanda kan bar tabo a gashi kwana da kwanaki, sau da yawa a bakin kunnuwa inda ƙuda ke ci. A wasu yaƙe-yaƙen rigakafin ciwon haukan kare ana shafa wa wanda aka yi wa allura ɗan fenti a goshi ko a baya, don a gane shi daga nesa, kamar yadda dillalai ke sa wa raguna alama a kasuwa gab da Sallar Layya.

Abin da ke cutarwa

Fatar kare ta fi ta mutum siranta sosai, kuma ba ta kai tamu tsami ba, shi ya sa abin da kan mutum ke jurewa yake iya ƙona ta. Ga kuma lasa: duk abin da aka shafa masa, wani kaso zai sauka cikinsa. Rinin gashin mutane na ɗauke da amoniya, hydrogen peroxide da sinadarin PPD. Wannan PPD ɗin shi ne ake haɗawa a yawancin baƙin lalle na ƙunshin biki, kuma shi ne haɗarin da ya fi kusa da gidajenmu, domin ragowarsa kan kwana a kwano a tsakar gida. Yana kawo kumburin fuska da maƙogwaro, yana kuma lalata tsoka da ƙoda. A farkon 2018 hukumar kula da dabbobi ta gundumar Pinellas a jihar Florida ta Amurka ta nuna wata ƙaramar karya da aka rina da rinin mutane. Fatarta ta saɓule, ta yi watanni tana jinya.

Fitowar abu daga tsiro ba ta wanke shi. Goro na ba da launi, amma yana da sinadaran kafeyin da theobromine, dukansu guba ga kare. Ɓawon albasa ma ana rini da shi, albasa kuwa tana fasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Jan lalle na gargajiya yana iya yin irin wannan ɓarna idan ya ci shi. Fentin gini da na mota ba a ma zancensu.

Abin da ake amfani da shi

Akwai rini na musamman don dabbobi, wanda ke kama bayan gashi ba tare da ya kankare launin asali ba, sai ya riƙa dusashewa da wanka. Akwai alli da feshi masu fita a wanka ɗaya ko biyu, da launin abinci. Duka sun fi fitowa a farin gashi. Ana fara gwadawa a ɗan wuri a jira kwana ɗaya zuwa biyu, a kauce wa ido, hanci, baki da cikin kunne. Ba a rina ɗan kwikwiyo, ko kare mai ƙazuwa, miki ko cizon kaska. Baƙin launi na ƙara jan zafin rana, abin lura a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu.

Saɓani

Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na cewa karen ba ya ƙaruwa da komai sai doguwar tsayuwa da takura. Masu sana'ar na cewa rini mai kyau ba ya cutarwa. Florida ta soke tsohuwar dokarta ta hana rina dabbobi a 2012, ta maido da ita a 2013 a kan waɗanda ba su kai mako 12 ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, an halatta ajiye shi don farauta, kiwo da gona, kuma an hana azabtar da kowace dabba.