Dokar gobarar daji a Gana: laifin wanda ya kunna da laifin wanda ya yi shiru

Dattawan Gana ba su manta da shekarar 1983 ba. Fari ya yi tsanani, wuta ta shiga daji ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma 'yan ƙasar kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo gida a daidai lokacin da rumbuna suke wayam. A shekarar ce gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta kafa dokar hana gobarar daji, sannan a 1990 ta maye gurbinta da doka mai lamba 229, wadda ake aiki da ita har yau.

Kowace shekara idan hunturu ya kankama, daga Nuwamba zuwa Maris, sai ka ji ana cewa ai gwamnati ta hana kunna wuta a gona. Ba haka dokar ta ce ba. Abin da ta haramta shi ne tayar da gobarar daji, ko da wane dalili ne, kuma ta fayyace abin da take nufi: duk wanda aikinsa ya jawo gona ko kurmi ko filin ciyawa ya kama da wutar da ta fi ƙarfin a shawo kanta, to shi ya tayar da gobara.

A lura da kyau, dokar ba ta tambayi niyyarka ba. Maharbin da ya cinna wa ciyawa wuta don ya koro gafiya, da mai cire zuma da ya yar da bakin wutarsa a gindin itace, da makiyayin da ya yi toyi don sabuwar ciyawa ta tsiro, da mai gawayi, da matafiyin da ya wurgar da guntun taba ta tagar mota, duk ma'auninsu ɗaya ne. “Wallahi ban yi nufi ba, iska ce ta juya” ba ta fitar da mutum. Ni kuwa ina ganin daidai ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar shinkafa da ta nuna, ana jiran injin girbi, ya dawo washegari ya tarar da baƙin toka har iya ganinsa, ya san niyyar mai ashana ba ta mayar da ko tiya ɗaya. Haka matan da ke tsintar kaɗanya a yankunan Tamale da Wa da Bawku: wutar da ta zo a ƙarshen rani tana babbake furen kaɗanya da ɗorawa, kuma da wannan man kaɗe da daddawa ake biyan kuɗin makaranta a gidaje da yawa.

Akwai wutar da doka ta yarda da ita. A cikin gandun daji na gwamnati, irin su Mole, shugabannin kula da gandun daji da namun daji ne ke ba ma'aikatansu izinin ƙonawa don kula da wurin. A wajen gandu, ofishin malaman gona ne ke da ikon ba da izini saboda kiwo ko noma. Amma izinin yana tafe da sharaɗi: wanda ya kunna shi zai tsare wutarsa kada ta bazu. A aikace, sai ka share fili kewaye da gonar, ka zaɓi safiya ko yamma lokacin da iska ta kwanta, ka tara mutane da ɗanyen ganye da ruwa, kuma kada ka tafi sai garwashin ƙarshe ya mutu.

Yaushe ne aka hana ƙona sassabe gaba ɗaya? Wannan ya rataya a kan majalisar gunduma. Kowace gunduma tana da ƙaramin kwamitin gobarar daji da ke sa watannin hani, ya tsara ƙonawa da wuri tun ciyawa na da sauran laima, ya kuma kafa 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda hukumar kashe gobara ta ƙasa ke horarwa. Saboda haka ranar da ta halatta a Salaga tana iya zama haram a Techiman. Kafin ka ƙyasta ashana, tambayi malamin gona ko ɗan majalisar yankinku.

Hukuncin laifin farko tara ce, ko ɗauri, ko aikin al'umma da bai wuce wata 12 ba. Wanda ya sake, abin yana kai wa shekara 2.

Sashen da mutane suka fi jahilta shi ne na yin shiru. Idan ka san wanda ya tayar da gobara ka rufa masa asiri, ko ka ga wuta tana ci ka wuce abinka ba tare da uzuri ba, kai ma ka yi laifi. Nan ne abin ke da nauyi, don sau da yawa mai laifin ɗan maƙwabci ne ko ɗan ɗan'uwa, kuma kunya takan ɗaure baki. Amma dokar ba ta ce lallai sai ofishin 'yan sanda ba. Kana iya gaya wa ɗan sa-kai, ko ɗan kwamitin gunduma, ko sarkin garinku. Idan kuwa wutar tana ci a gabanka, lambar 'yan kwana-kwana ita ce 192, ko ka kira 112.