Katin shaida mai hoto a rumfar zaɓe: ta yaya za mu san inda wakilinmu ya tsaya?

A Zariya, da zarar kakar zaɓe ta ƙarato sai ka ji ana cewa wane ya goyi bayan doka kaza a majalisa, wane kuma ya yi mata ƙafar ungulu. Yawanci mai faɗar ma ji ya yi.

Shin dole ne mai zaɓe ya nuna shaida mai hoto a Najeriya?

Katin zaɓe na dindindin, wato PVC, da ma yana ɗauke da hoton mai shi. Sashe na 47 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ya tanadi mutum ya miƙa katinsa ga jami'in rumfa a tantance shi da na'ura. Na'urar, wadda ake kira BVAS, tana duba zanen yatsa ko fuska.

To me ya sa ake ta ce-ce-ku-ce a kan wannan a Amurka da Ingila?

A Amurka kowace jiha da tata dokar. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da dokar jihar Indiyana mai neman shaida mai hoto, amma har yau masu adawa na cewa tana tauye talakawa da tsofaffi. Ingila kuwa sai a Mayun 2023 ta fara aiki da irin wannan doka. Shekara guda bayan haka aka mayar da tsohon Firayim Ministan Birtaniya Boris Johnson daga bakin rumfa saboda ya manta katinsa, alhali gwamnatinsa ce ta kawo dokar! A can, idan aka ƙirga ƙuri'a a majalisa, ana wallafa sunan kowa da ɓangaren da ya bi.

Mu fa, a ina za mu ga na namu wakilan?

Nan gizo ke saƙar. Majalisar Tarayya ta fi yanke hukunci da murya: masu goyon baya su amsa, masu ƙi su amsa, shugaba ya ce ga waɗanda suka rinjaya, ya buga guduma. Babu sunan da aka rubuta. Sai wani ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin sannan ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya. An yi haka a Majalisar Dattawa a Yulin 2021, kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Abaribe ne ya nema. Sanatoci 52 suka zaɓi a ɗaure INEC da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa ta NCC da majalisa, 28 suka ƙi, 28 ba su nan. Jaridu suka buga sunaye, jama'a suka yi caa, kuma a Oktoba majalisar ta janye sharaɗin. A ganina, da murya aka yi amfani da ita ranar, da maganar ta wuce salin-alin.

Wakilin Zariya fa, tunda shi ne Kakakin Majalisar Wakilai?

Abbas Tajuddeen yana wakiltar Zariya tun 2011, ya zama Kakaki a Yunin 2023. Sashe na 56 na tsarin mulki ya ce mai jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Saboda haka wanda ya ce maka Kakaki ya zaɓi kaza a zaman da shi ya jagoranta, tambaye shi ko an yi canjaras ne. Inda za a auna shi shi ne ƙudurorin da ya bari suka iso zaure, da ko ya yarda a ƙirga sunaye idan an nema.